Ruwan bohol ɗinmu baya kumfa, Hajiya kuma ta ce ni ce ƙazama

Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Wata takwas kenan da muka tare a sabon gidanmu a Sakkwato, ruwan bohol muke amfani da shi, a ido garau yake amma sabulu baya kumfa ko kaɗan, omon da yake min sati biyu a tsohon gida yanzu ko sati baya kaiwa. Ketil ta yi fari fat a ciki, hitar banɗaki ta ƙone sau biyu, kan shawa ya toshe, tayil da kofunan gilashi duk farin tabo kamar ban taɓa wanke su ba. Gashin yarinyata sai karyewa yake, jikinta kuma na ƙaiƙayi. Abin da ya fi min ciwo uwar mijina da muke zaune tare ta ce ƙazanta ce da son jiki, har a gaban baƙi ta ɗaga kofi ta nuna. Wani mai saida injinan ruwa ya zo ya tsoma wasu ƙarafa a ruwanmu ya jona wuta, ruwan ya koma baƙi-baƙi, ya ce guba muke sha, mu sayi injin da kuɗinsa ya kusa na sabon babur. Shi kuma maigida abokinsa ya faɗa masa akwai wani maganaɗisu mai araha da ake ɗaurawa a bututu, shi yake son saya. Ni kuma ƙarshen wata zan kwashi adashi. Mu takwas ne a gidan, Hajiya na da hawan jini, ina goyon ɗan wata huɗu. Wanne zan saya?

Maman Hanan, daga Sakkwato

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai dai ki ƙulle kuɗin adashin nan a bakin zani tukuna, kar ki ba kowa ko sisi, ba mai injin ba, ba mai maganaɗisu ba, sai kin san ainihin abin da ke cikin ruwan. Ba a sayen magani kafin a ga likita, don haka gwajin ruwan da zan faɗa miki shi ne abin farko.

Sannan ki kwantar da hankalinki, ba ƙazantarki bace wallahi. Ko kwana zaki yi kina dirzar kofunan nan da soson ƙarfe, da zarar sun bushe farin zai dawo, domin a cikin ruwan ɗaurayar yake. Garinku fa zaune yake kusa da dutsen farar ƙasa, shi ne dalilin da yasa aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina tun shekarun 1960, toh ruwan da ya ratsa irin wannan dutse a ƙarƙashin ƙasa yana narkar da kalsiyom da magnesiyom ya taho da su, ido baya ganinsu, amma da ruwan ya yi zafi ko ya bushe sai su zauna su zama wannan farin ƙanzon da kike gani a gindin ketil. Su ne kuma suke kama sabulu su maida shi wani dusa-dusa mai maiƙo a saman bokiti maimakon kumfa, shi yasa omo yake ƙarewa, rabinsa faɗa yake da ruwan kafin ya kai ga dattin kaya. Hita kuwa ƙanzon ne yake lulluɓe ƙarfen da ke ɗumama ruwan, zafi ya rasa hanyar fita, ƙarfen ya ƙone kansa. Zaki canza na uku ma ya ƙone in ba a taɓa ruwan ba. Ba duk bohol ɗin garin bane haka, ya danganta da zurfi da kuma unguwa, shi yasa zaki ga maƙwabciyarki can gaba tana cewa ita nata lafiya lau.

Shi wannan mai tsoma ƙarafa bari in gama da shi da wuri don ya fi bani haushi. Tsohuwar dabara ce. Ɗaya daga cikin sandunan nan ƙarfe ne zalla, idan aka jona wuta a cikin duk ruwan da ke da ɗan sinadari, sandar ce da kanta take narkewa ta rina ruwan, wato dattin da kika gani daga na'urarsa ya fito ba daga bohol ɗinku ba. Ruwan da irinsa suke zuwa da shi a gora don kwatance an cire masa komai, wuta bata iya ratsa shi sosai, shi yasa yake tsayawa garau. In ya sake dawowa ki ɗebo gishirin miya ɗan mitsitsi ki barbaɗa a cikin ruwan nasa mai tsarki, ki ce ya sake jonawa, ki tsaya ki kalli fuskarsa. Haka ma wannan abin mai kama da biro da suke tsomawa ya nuna lamba, jimillar duk abin da ya narke a ruwa yake ƙiyastawa, baya bambance kalsiyom da gishiri, balle ya faɗa miki akwai ƙwayar cuta ko babu.

Abin da zaki yi yau a gida, ki samu gorar roba biyu, ɗaya ki zuba ruwan bohol zuwa kashi ɗaya cikin uku, ɗayar ruwan sama in kina da ajiyayye ko ruwan roba na saye, ki kankare sabulun wanki na sanda daidai wa daida a kowacce, ba omo ba don shi an yi shi ne ya yi kumfa ko ta halin ƙaƙa, ki rufe ki girgiza. Ɗaya zata cika da kumfa, ɗayar ta yi fari kamar an dama gari da ɗan kumfa a bakin wuya. Wannan na nunawa mutanen gida ne kawai, ki ajiye shi a ranki zamu dawo kansa. Na gaskiyar shi ne ki bar famfo ya zuba na minti biyar, ki cika gora mai tsabta lita ɗaya, maigida ya kai ɗakin gwajin ruwa a ranar, ko na hukumar ruwa ko sashen kimiyyar sinadarai na jami'a, ga Danfodiyo nan kusa da ku. Ya ce a duba masa taurin ruwa, wato yawan kalsiyom da magnesiyom ɗin nan, da jimillar gishirin da ya narke, da ƙarfe, da naitiret, da fuloraid, da kuma ƙwayoyin cuta, shi na ƙwayoyin cuta kwalba ta musamman suke bayarwa don haka ya tambaya kafin ya ɗiba. A rubuto muku a takarda. Kar ku yarda mai sayar da injin ya zama shi ne mai gwajin, kura ce za a ba ajiyar nama.

In takardar ta zo ga yadda zaki karanta lambar taurin. Da miligiram a kowace lita ake rubutawa. Ƙasa da 60 ruwa ne mai laushi, 61 zuwa 120 tsaka-tsaki, 121 zuwa 180 mai tauri, abin da ya haura 180 kuwa mai tauri sosai. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya tsaya a 150. Da irin bayanin da kika yi, hita biyu a wata takwas, ni dai ina zargin naku ya wuce 180 da nisa, amma zargi ba takarda bane.

Dalilin da yasa na dage kan gwajin nan shi ne mu duk ruwan da bai mana daɗi ba sai mu ce ruwan ba kyau, alhali cutukan daban-daban ne kuma kowacce da maganinta. Akwai tauri, shi ne naku a bisa alama. Akwai zartsi, wato ruwan da in kin kurɓa zaki ji gishiri-gishiri ko kanwa-kanwa a harshe, shi injin tausasa ruwa baya masa komai, ƙara masa ma yake. Akwai ƙarfe, ruwan da ake ɗebowa garau amma in ya kwana a baho ya yi ja, ya ɓata farin kaya da masai, shi kuma in ya yi yawa kashe injin yake sai an sa masa matacinsa a gaba. Akwai kuma ƙwayoyin cuta idan bohol ya yi kusa da sokawe, wanda a sababbin unguwanninmu da fili ƙafa hamsin-hamsin ba abin mamaki bane. Mutum sai ya kashe kuɗin babur ya sayi maganin cutar da ba ita ke damunsa ba. Kuma waɗannan filtocin masu shuɗin kwano da ake jerawa uku a bango, da farin kyandir a ciki, yashi da laka suke tarewa, ko goma kika jera kalsiyom zai wuce abinsa tunda narkakke ne. Alif ma haka, ruwa mai laka yake kwantarwa, baya taɓa tauri.

Toh in ta tabbata tauri ne, abin da yake cire shi da gaske a gida shi ne wanda masu sayarwa suke kira softina. Tulu biyu ne. Dogon siriri cike yake da wasu 'yan ƙwayoyi masu ruwan zuma ƙanana kamar gero, rezin sunansu, ɗayan kuma gajeren bokiti ne na gishiri. Ruwa na ratsa rezin ɗin sai ya riƙe kalsiyom da magnesiyom ya saki sodiyom a madadinsu, musaya kenan. Bayan 'yan kwanaki rezin ya ƙoshi ba zai iya riƙe komai ba, sai a wanke shi da ruwan gishiri mai kauri, ya zubar da abin da ya tara ya koma sabo. Kinga ashe ba abu bane da za a saya a kafa a manta, kamar akuya ce, kullum da cin ta, abincinta gishiri.

Girman da zaki saya lissafi ne, kuma ki iya shi da kanki don kar a ce miki wannan na gidan manya ne wancan na talaka. Bari mu ɗauka takarda ta nuna 350, misali nake bayarwa. Ku takwas, a ce kowa na cin lita 100 a rana da wanka da wanki da wanke-wanke da banɗaki, lita 800 kenan. 800 sau 350 ya ba ki giram 280 na wannan farin abu kullum ta Allah, fiye da kwata ɗin kilo yana bi ta bututunku, ki ga laifin ketil. Ita kuma lita ɗaya ta rezin tana riƙe wajen giram 50 kafin ta ƙoshi. Injin mai lita 25 zai riƙe giram 1,250, ki raba da 280, kwana huɗu da ɗan abu kenan tsakanin wankin rezin da na gaba, wannan ya yi daidai. In kika sayi mai lita 10 don araha duk bayan kwana biyu sai an wanke, ki gaji ki watsar. In kuma aka lallaɓa ki kika sayi mai lita 100 kin biya kuɗin otal a gidan mutum takwas, ga ruwa zai daɗe kwance a ciki. Abin nema shi ne wanki ya riƙa faɗowa tsakanin kwana uku zuwa sati. Don haka tambayar farko da zaki yi wa mai kaya ita ce lita nawa ne rezin ɗin ciki, ba tsayin tulun ba, don ana iya kawo dogon tulu a zuba rezin rabi. A zuba a gabanku, ki ga buhun da sunan kamfanin a jiki. In ya fara miki lissafi da giren irin na Amurka, giren ɗaya a galan daidai yake da miligiram 17.1 a lita, ki maida shi ma'aunin takardarki.

Gishirin kuma, wankin rezin lita 25 yana cin kilo uku ko sama da haka kaɗan, sau bakwai a wata, kin tashi da wajen buhu ɗaya mai kilo 25 duk wata. Wannan shi ne kuɗin da mai sayarwa baya faɗa. Kafin ki biya ki tambayi inda ake samun gishirin a garin da farashinsa, irin mai dunƙule-dunƙule kamar alewa wanda aka yi don injin, in sai an aiko daga Kano ko Legas ki sa kuɗin mota a lissafi. Kar a zuba masa gishirin miya mai laushi, kwanciya yake a ƙasa ya zama kamar tuwo ya toshe bututun tsotso, balma da manda kuwa ƙasar da ke cikinsu ta isa ta kashe kan injin.

Yanzu ga inda ni na faɗi, ki saurara da kyau don kar ki bi sahuna. Lokacin da muka zauna a wani gida mai irin wannan ruwa na matsa aka sayo injin, mai gyaran famfon da ya zo kafawa ya dasa shi a ƙarƙashin tanki, wato ruwa ya sauko daga tankin sama ya shiga injin sannan ya shiga gida. Sati na farko har rawa na yi a banɗaki, kumfa kamar a talla. Sati na uku komai ya dawo yadda yake, gishiri na nan a bokiti ko motsi bai yi ba, na buɗe na tarar da shi cike da ruwa tsamo-tsamo. Na yi ta zagin kamfani ina cewa jabu aka sayar mana, ashe ƙarfin ruwa ne babu. Injin nan sai da matsin ruwa yake iya tsotsar ruwan gishirin, yawancinsu suna son matsin da ya kai bar ɗaya da rabi zuwa biyu, bar shi ne ma'aunin matsin ruwa, alhali tsayin mita goma cur shi ke bada bar ɗaya. Tankinmu da ke kan ƙarfe mita biyar rabin bar kawai yake bayarwa. Wata uku muna da injin a gida kamar hoto. Sai da wani dattijo da ya san aikin ya zo, ya kalla sau ɗaya ya yi tsaki, ya maida shi tsakanin sumo, wato famfon da ke cikin bohol, da tanki, yadda sumon da kansa zai tura ruwan ta ciki kafin ya hau sama. Toh ke ma ɗayan biyu ne, ko a sa shi a wannan gurbin, a kuma tabbatar gudun ruwan sumo bai fi ƙarfin tulun ba, ko a sayi ƙaramin famfon ƙarin matsi a sa bayan tanki, wanda shi kuma sai da wuta. Duk mai kafawar da bai tambaye ku tsayin tanki da ƙarfin sumo ba ki sallame shi da ruwan sanyi.

Maganar wuta ta kawo mu kan injin, wato bawul ɗin da ke saman tulun. Iri uku ne. Akwai mai agogo, wanda ake saitawa ya wanke kansa duk bayan kwana kaza ko an yi amfani da ruwa ko ba a yi ba, wannan ɓarnar gishiri ne, ku tafi hutun sallah ya yi ta wanki shi kaɗai, kuma in aka ɗauke wuta agogon wasu yakan rikice. Akwai mai mita, yana ƙirga litar da ta wuce sai ta cika sannan ya wanke, shi ya fi hankali, in kuna da sola ko inbata a gidan shi nake ba ki shawara don wutar da kan yake ci kaɗan ce. Sai na hannu, mai mariƙi da ake murɗawa daki-daki, babu ruwansa da NEPA, ya fi araha, ba abin da zai ƙone a ciki, amma fa sai an samu mutum ɗaya a gidan da zai tsaya masa wajen awa ɗaya zuwa biyu duk kwana huɗu, ga sumo na aiki a lokacin. Ki dubi gidanku da gaskiya, ke da goyo, in kin san a kanki zai ƙare kar ki ɗauko. Sunayen da zaki fi ji a kasuwa su ne Runxin na Chana da Fleck da Clack na Amurka, ni ban damu da wanne ba, abin da na damu da shi a ce akwai mai gyaransa da kayan gyaransa a kusa. A sa masa hanyar kewaye da makunni, yadda ranar da ya lalace ba za ku kwana ba ruwa ba. A sa matacin yashi a gabansa. A yi masa rumfa, ranar Sakkwato ta watan Afrilu da ke wuce digiri 40 ba ta barin roba da allon lantarki su yi tsawon rai. Rezin in an kula da shi yana kai shekara takwas zuwa goma, ƙarfe da kulorin mai yawa su ke rage masa kwana.

Ki kuma tanadi inda ruwan wankin zai tafi, duk wanki yana zubar da abin da ya kai lita 150 ko fiye na ruwa mai gishiri, kar a sake shi gindin mangwaro ko zogalen Hajiya, ki ja wa kanki sabuwar magana. Shukoki ma a bar musu famfonsu na ɗanyen ruwan bohol.

Sai maganar sha, wadda ta fi duk sauran nauyi saboda Hajiya da jaririn. Na ce miki musaya injin yake yi, yana bada sodiyom. Duk miligiram 100 na tauri da ya cire yana zuba wajen 46 na sodiyom, a misalinmu na 350 kin samu wajen 160 a kowace lita, ban da wanda ruwan ya zo da shi tun asali. Ga mai lafiya ba wani abu bane, dunƙulen magi ɗaya ya ninka wannan, amma mai hawan jini da likita ya ce ta rage gishiri ba dalilin da zai sa a ƙara mata ta bayan gida, jariri kuma ba a haɗa masa madara da irin wannan ruwa. Shi yanzu ma nono zalla ya kamata yana sha har wata shida, amma lokacin kunu na zuwa. Maganin abin mai sauƙi ne, a ja bututu ɗaya zuwa kicin wanda bai bi ta injin ba, sha da girki daga nan. Ruwa mai tauri in babu wata cutar a cikinsa ba guba bane, Hukumar Lafiya ta Duniya ma bata sa masa iyaka don lafiya ba, kalsiyom ɗin ai shi ake saya a kemis. Masu cewa shi ke kawo tsakuwar ƙoda, abin da likitoci suka fi jaddadawa shi ne ƙarancin shan ruwa a gari mai zafi irin naku. In kuwa takarda ta nuna zartsi ko naitiret sama da miligiram 50 a lita ko fuloraid sama da 1.5, toh a nan ne ƙaramin injin ƙarƙashin sinki da ake kira RO, mai tace ruwa ta wata siririyar fata, yake da amfani, na sha kawai, shi yana cire waɗannan, sai dai yana zubar da lita biyu zuwa huɗu kafin ya ba ki ɗaya, ki tara wanda ya zubar ki yi mopin. Naitiret tafasawa bata cire shi, ƙara masa kauri take, kuma jarirai ya fi yi wa illa, shi yasa na sa shi a jerin gwajin. Ƙwayoyin cuta kuma softina bata kashe ko ɗaya, sai tafasawa ko kulorin.

Maganaɗisun maigida kuwa, kar ki ce masa shirme ne a gaban abokin nasa, namiji baya son a kunyata shawarar abokinsa. Amma gaskiyar ita ce baya cire komai daga ruwan, kalsiyom ɗin da ya shiga shi zai fito, su kansu masu yinsa abin da suke iƙirari shi ne yana rage mannewar ƙanzo a bututu, kuma ko wannan ɗin gwaje-gwaje basu tsaya a magana ɗaya ba. Kumfa dai ba zaki gani ba. Ki ce masa ya roƙi abokin a ɗebo ruwan gidansa kafin maganaɗisun da bayansa ku yi gwajin gorar nan tare, shi da kansa zai sauka ba sai kin ce uffan ba.

Ita Hanan, gashin zai ji daɗin ruwa mai laushi, wannan dusar sabulun ce take zama a kai ta sa shi ƙandarewa ya riƙa karyewa wajen taza. Kafin injin ki riƙa yi mata ɗaurayar ƙarshe da ruwan roba ko ruwan sama da aka matsa ɗan lemon tsami, damina in ta zo daga Yuni zuwa Satumba ki tara abinki a durom mai murfi. Amma ƙaiƙayin jiki ban miki alkawari ba. An taɓa gwadawa a Ingila, aka fitar da sakamakon a 2011, yara 336 masu ciwon fata na ƙaiƙayi, aka sa wa gidajen rabinsu injin, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba tsakaninsu da sauran. Ki rage mata sabulu mai ƙamshi, wanka gajere, man kaɗanya ko basilin tun jikin na da danshi, in bai lafa ba likitan fata.

Akwai kuma abubuwan da zasu rage miki wahala tun daga gobe ba tare da kin sayi injin komai ba. Ketil ki zuba ruwa rabi da lemon tsami uku ko binega rabin kofi ko jiƙaƙƙiyar tsamiya, ki tafasa ki bari ya huce, ƙanzon zai ɓanɓaro da kansa. Kan shawa ki kwance ki jiƙa a binega ya kwana. Kofuna ki goge da busasshen tsumma nan take kar ki kife su su bushe da kansu, tabon a wajen bushewa yake zama. Wajen wanki ki jiƙa 'yar kanwa ki tace ki zuba a bahon, ki bari minti goma kafin omo, kakanninmu da suke haka ba camfi suke ba, kanwa tana kwantar da kalsiyom ɗin ne, amma banda ruwan wanka da kayan jariri da yadi mai laushi. Hita kuma a rage mata zafi zuwa wajen digiri 60, yawan zafin ke ƙara ƙanzo. In takarda ta fito da lamba ƙasa da 150 ma wallahi ni sai in ce ki tsaya a waɗannan ki sayi abin da kika yi niyya da adashinki.

Kuma ma tsaya, me yasa adashinki? Ruwan gida ai cikin ɗawainiyar maigida yake kamar yadda tanki da sumo suke, in kin ga dama ki taimaka da wani abu don Allah wannan alherinki ne, amma kar ki ɗauki injin dungurungum a kanki don kawai ki wanke sunanki a wajen Hajiya, gobe gishirin wata-wata ma ke za a kalla. Ki zauna da shi da daddare bayan ya ci abinci, ki jera masa kuɗin hita biyu da omon wata takwas da kan shawa a takarda ɗaya, ki ajiye lissafin buhun gishiri a gefe, maza sun fi jin lamba a kan ƙorafi.

Ita kuma Hajiya kar ki je mata da bayanin kalsiyom, kuma kar ki rama a gaban kowa. Gorar nan biyu da na ce ki ajiye a ranki, ki bari sai tana zaune a tsakar gida da hantsi, ki zo kusa da ita da su kamar abin ya ɗaure miki kai, ki ce Hajiya dan Allah duba min wani abu, ke kin fi ni sanin ruwa, ki miƙa mata ita ta girgiza da hannunta. Matar da ta yi shekaru tana jan guga ta san rijiya mai kumfa da marar kumfa tun kafin a haife ki, ina kyautata zaton kafin la'asar ita zata tare ɗan nata ta ce ruwan gidan nan sai an yi masa magani. In takardar gwajin ta fito ki ɗauki hotonta ki turo min, tare da tsayin tankinku da ko kuna da sola, sai mu yi lissafin da lambarku ta gaske.